Rabon Wuƙa

Laraba, 5 ga wata

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kyamararka. Ni dai alhamdu lillahi, in ka cire gwiwa da kunne. Kunnen ya ƙara tafiya. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye kusa da injin maɗaba'a, yanzu ko kirana aka yi sai an haɗa da taɓa kafaɗa. Don haka ka daina ƙona katinka kana nemana a waya, ka ci gaba da ba direba takarda. Innarka tana nan, jiya na biya ta wajenta, sai dai ba ta cin abinci yadda ya kamata.

Na karanta ƙorafinka. Ka ce hotunan wancan karon sun koma maka da farin zare a gefe, wai wuƙarmu ce ta kauce. To ka ji, wuƙa dole ta kauce. Takarda ɗari ake jerawa a danne, a sauke wuƙa sau ɗaya, ta sama da ta ƙasa ba sa taɓa zama daidai. Laifin naka ne da ka tsayar da hoto cif a kan layin yanka, ba ka bar mata abin da za ta ci ba. Mu a nan rabon wuƙa muke ce masa. Hoto ya wuce layi da milimita uku ta kowane gefe, don in ta kauce ta faɗa cikin hoto, ba cikin farar takarda ba. Duk abin da kake so kuwa, fuska ko rubutu, ka janye shi ciki, nesa da layi. Kuma kada ka ja hoto da ƙarfi don ya cike, mutane su fito da kumatu kamar masu ciwon haƙori. Ka koma kan asalin hoton, ka buɗe inda ka datse.

Wannan na gidan burodin garinku, da ka ce mai gidan zai aiko wa yayansa mai gidan burodin nan garin don cikar shagonsa shekara ashirin, shi babba ne, mita ɗaya da rabi. A yadi mai kauri za mu buga shi mu ɗora a katako, saboda haka ka bar mini santimita biyar ta ko'ina, ba milimita uku ba. Yayan nasa har ya ja ni ya nuna mini bangon da zai rataya shi, daidai inda ake layin sayen burodi. Ranar Laraba ashirin da shida za a buɗe.

Yanzu maganar da ta fi wannan. Wata biyar ke nan Yayarka ta bar gidan mijinta da 'yarta a hannu, babu labari. Mijin nata, mai facin taya, bai haƙura ba. Rumfarsa tana kallon gidan burodin nan, ka sani, kuma duk motar da ta tsaya faci sai ya nuna wa direban hotonta. Makon jiya ya je wajen Innarka, ya fizge wayarta ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya, da bai samu komai ba ya maka wayar da bango. Abin da ya ce zai yi ranar da ya ga Yayarka, ba zan rubuta ba. Na san ya taɓa zuwa ya birkice maka ɗaki bai same ta ba. Amma in wani labari ya zo maka, ni ne babba a gidan nan, ni ya kamata in fara ji. Sau biyu na daidaita su, na uku ma ba zai gagara ba.

Kawunka

*

Lahadi, 9 ga wata

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, sannu da gwiwa. Man zafin da na aiko rannan shafawa ake yi, Kawu, ba ajiyewa a aljihun tebur ba. Ni lafiyata lau. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata in ta ci gaba da ƙin abinci zan zo in ɗauke ta hoto a rame in manna a ƙofar gida.

Na karɓi darasi, na karɓi faɗa. Ashe shekara uku ina zagin wuƙar mutane ba ta ji ba ta gani ba. Ga filashin kwamfuta mai ɗauke da hoton nan a cikin ambulan, na naɗe shi da takarda don kada ya huda ya faɗi. Na yi yadda ka ce, na koma asali, na buɗe santimita biyar ta kowane gefe, ban ja kumatun kowa ba. Mutum goma sha ɗaya ne a jere gaban shagon, mai gida a tsakiya da sabuwar hula, allon suna da lambar waya a samansu, duk nesa da layi. Na ƙarshe ta dama tsohon da ke kwaɓa fulawa ne, shi ma na bar masa sarari. Sai dai wuƙar yadi akwai ci, Kawu. Ta takarda milimita uku ke ƙosar da ita, wannan sai santimita biyar. A ba ta, ta ci lafiya.

Maganar Yaya kuwa, ba ni da abin da zan rubuta. Allah ya tsare ta inda take. Abu biyu zan roƙa. In mai faci ya sake zuwa wajen Inna, kada a bar ta ita kaɗai da shi. Maganar daidaitawa kuma a ajiye ta tukuna.

Ɗanka,
Auta

*

Alhamis, 13 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna. Ka yi haƙuri da rubutun, a gaggauce nake. Ba zan iya jiran direbanmu zuwa Litinin ba, wani mai babbar mota zan ba wannan gobe da safe, ya ce ta garinku zai bi.

Don Allah kada a buga hoton nan. In an buga, kada a ɗaure. In an ɗaure, kada ya bar hannunka.

Yau da hantsi na kai hotuna asibitin ido, aka ce in jira. Bencin a jikin bango yake, kusa da kaina kuma akwai wani babban hoto na kogi da jirage, irin na yadi a kan katako. Ban taɓa kallon irinsa daga gefe ba sai yau. Ina ɗaga kai na ga kogin bai tsaya a kusurwa ba, ya zagayo ta kaurin katakon, ga wani mutum a gefen riƙe da sanda, wanda mai kallo ta gaba ba zai san da shi ba. Na tashi na shafa da yatsa. Kawu, ba a yanke shi. Naɗe shi ake yi. Ni duk a zatona santimita biyar ɗin nan ma wuƙa ce za ta cinye. Ban san yadda na fito daga asibitin ba, ko hotunan ban miƙa ba.

Zan gaya maka abin da na ɓoye maka. Yaya tana nan. Tun ranar da ta fito tana nan, ita da 'yarta. Ba a ɗakina ba, shi ya sa mai faci bai same ta ba. Matar mai gidan burodi ce ta ba ta ɗaki a bayan shago, tana taya su jera burodi a ciki, ba ta fitowa wajen sayarwa, ba ta zuwa kasuwa. Inna ta sani, ni na sani, mai gida da matarsa sun sani. Kai ne aka ce kada a gaya wa, kuma ka san dalili.

Ranar ɗaukar hoto mai gida ya ce mata ta zauna a ciki. Ta zauna. Na daɗe ina jera mutane, wannan ya matsa, wancan ya gyara hula, ta ɗauka an gama, ta fito ta ƙaramar ƙofar gefe da tiren burodi daidai lokacin da na danna. A cikin duka hotunan shi ne kaɗai babu wanda ya rufe ido. Na datse ta, mai gida ya gani a kwamfuta ba ta ciki, ya amince. Da ka ce in buɗe inda na datse, na buɗe, ta dawo. Na gan ta da idona, Kawu, ba wai ban lura ba. Tana gefen dama, bayan kafaɗar tsoho mai kwaɓi, cif a cikin santimita biyar ɗin. Na ce ai wannan rabon wuƙa ne, har dariya na yi. A girman da za ku buga, fuskarta za ta kai babban yatsa, kuma tar take.

Ka ce a inda ake layi za a rataya shi. Mai layi ta gefe yake zuwa. Mai faci kullum sai ya tsallako sayen burodi, zai tsaya da fuskarta a saitin idonsa, ya matsa taku biyu ya karanta suna da lambar waya a allo.

Na kira lambar maɗaba'arku, wadda ke zaune a kantar karɓar aiki ta ce ka fita sayen katako. Ban iya bar mata saƙo ba, me zan ce? Unguwa ɗaya kuke duka.

Kawu, sau biyu ka kama hannunta ka mayar da ita. Karo na biyu ne ya karya mata hannun hagu, ba faɗuwa ta yi a banɗaki ba, kuma har yau gwiwar hannun ba ta miƙewa. Ina tsoronsa, kuma wallahi ina tsoronka, amma babu wanda hoton nan ke hannunsa sai kai. Na ba ka amanarta. Ka ƙona takardar nan in ka karanta.

Auta

*

Laraba, 19 ga wata

Auta,

Gaisuwa, da fatan lafiya. Muna nan ƙalau. Innarka ta ji saƙonka ta yi murmushi, ta ce ka zo ka ɗauka in ka isa.

A gurguje nake, direba yana jira a waje. Filashinka ya iso, an buga, na ɗaure shi da hannuna ban ba kowa ba. Na duba shi lungu-lungu, gefe da gefe, babu abin da ya wuce ni. Jiya aka kai shi gidan burodi, yana bango an rufe shi da takarda sai ranar Laraba.

Ga surukinmu mai faci nan zaune kusa da ni, yana gaishe ka. Ya ji cewa hoton garinku ne kuma kai ka ɗauka, ya ce ranar buɗewa shi ne a gaba. Na ce masa ya zo ya kalla da kyau, ya more idonsa.

Sauran magana sai wani jiƙon.

Kawunka

*

Lahadi, 23 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai muna da ita. Takardarka ta iso shekaranjiya, na karanta ta a tsaye a tasha, na sake karantawa a hanya, na kai wa Yaya ta karanta, ta ninke ta ta miƙo mini.

Ba ka ambaci wasiƙata ta ranar sha uku ba. Ko ba ta iso ba, ko ta iso ka karanta ka zaɓi abin da ka zaɓa. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. In ba ta iso ba, tana hannun wani, kuma a cikinta na rubuta komai. Na je tasha sau huɗu neman mai babbar motar, an ce bai dawo ba. To ga shi a taƙaice, ko da maimaici ne: Yaya tana wajenmu a gidan burodi, kuma tana cikin hoton, gefen dama, a inda ake naɗewa.

Ka ce ka duba gefe da gefe, babu abin da ya wuce ka. Ka ce masa ya zo ya more idonsa. Kawu, me kake nufi? Haka za ka daidaita su karo na uku, ba tare da ka buɗe baki ba?

Na gaya wa mai gida abin da na yi. Bai zage ni ba, gara ma da ya zaga. Ya kira yayansa ya ce akwai ɗan kuskure a hoton, a sauke a ajiye. Yayan ya yi dariya ya ce wane kuskure, bari ya yage takardar ya duba yanzu, ga mutane ma a shago su taya shi gani. Mai gida ya yi maza ya ce a'a, wasa yake, a bar shi. Ka san bakin yayan nan nasa, in ya ji da safe, kafin azahar rumfar faci ta ji. Na ce zan taho da kaina, Yaya ta riƙe mini riga ta ce in na bar garin nan ita ma ba za ta kwana ba.

Tun ranar Juma'a yarinyar ba ta je makaranta ba. Jiya wani ya tsayar da babur a ƙofar shago yana duba tayarsa, Yaya ta leƙo ta taga ta ga bayansa kawai, tire ya kuɓuce mata, burodi ya watse a ƙasa. Ashe mai kawo yis ne. Ta haɗa kayansu a jaka ɗaya ta tura ƙarƙashin gado. Na tambaye ta ina za ta, ta ce inda babu wanda ya san ta, har ni. Wata biyar ta fara yin ƙiba, yarinyar ta daina fitsarin kwance, ni kuma na zo da wayona na rusa.

Wannan za ta iso maka Talata, saura kwana ɗaya. In kana tare da mu, ka sa wadda ke kantar nan ta kira ni ta ce, "An yanke." Kalma biyu, ba za ta gane komai ba. In rana ta faɗi Talata ban ji ba, Laraba da safe zan kai Yaya tasha.

Ta ce in bar mata wuri a ƙasa.

Auta

Kawu, ni ce. Ina gaishe ka. Ranar da ka mayar da ni karo na biyu, a bakin ƙofa ka ce mini in yi haƙuri, kai ne ubana tunda Baba ya rasu, ba za ka kai ni inda za a cuce ni ba. Na yarda da kai na shiga. Ban taɓa gaya maka abin da ya biyo baya ba, don ba ka tambaya ba. Ba na roƙon ka ce na yi daidai. Yarinyar nan kawai nake roƙa wa.

'Yarka

*

Laraba, 26 ga wata, bayan la'asar

Zuwa ga Auta, da Yayarsa,

Gaisuwa gare ku, da 'yar jikata. Ina lafiya, Innarku tana lafiya. Saƙon da aka kira ku da shi jiya ni na sa, ga bayaninsa.

Wasiƙunku biyu jiya suka iso tare. Ta ranar sha uku motar ce ta lalace a hanya, ta yi kwana goma sha ɗaya a aljihun mai ita. A liƙe ta zo, na duba bakin ambulan da kyau. Na karanta, na ƙona. Amma ban jira ta ba, tun ranar da aka buga hoton na sani.

Wasanka na cewa wuƙar yadi akwai ci, na karanta na yi dariya, ban gane cewa ba ka gane ba. Wannan laifina ne, na ce maka biyar ban ce maka na mene ne ba. Mai injinmu baƙo ne a garin, bai san kowa ba, ya buga ya miƙo mini a naɗe. Na shimfiɗa a tebur, na ɗora katako, na kama gefen dama da filaya zan ja, sai ga fuskar 'yata tsakanin yatsuna. Abin da ya fara zuwa mini, ba zan ɓoye ba, haushi ne, wato ni aka mayar bare. Har na ce bari in gama in je in sami Innarku. Sai idona ya sauka a kan hannun. Ta tokare tiren da ƙugu, hannun hagu a lanƙwashe, ba yadda mai ɗaukar tire ke riƙewa ba. Aikina ke nan shekara talatin da ɗaya, in kalli abu in san ya karkace. An ce mini faɗuwa ce a banɗaki na karɓa, don ita ce ta fi mini sauƙi.

Na ɗauko ƙarfen awo da reza na yanke gefen daga sama har ƙasa. To yadi ya ragu, katako ya yi masa yawa. Na warware firam ɗin na rage masa santimita biyar, na sake haɗawa, na ɗaure. Ɗan gwajin da mai inji ya fara bugawa na tsamo shi daga buhun shara na ƙona, na tsaya a kansa ya goge hoton daga kwamfuta, na ce masa mai aikin ba ya son a ajiye. Filashinka yana aljihuna.

Takardar da ta tayar muku da hankali kuwa, mai faci yana zaune a bencina na rubuta ta, kafaɗarsa tana gogar tawa, idonsa a kan biro. Tun da ya ji daga garinku hoton yake bai bar ni na huta ba. Da na ce kada ya zo, da ya san akwai abin gani. Na rubuta abin da zai iya karantawa, ban yi tunanin yadda ku za ku karanta ba. Ku gafarce ni kwanakin nan.

Yau da safe aka buɗe. Shago ya cika, aka yage takarda, aka tafa. Shi yana gaba kamar yadda ya ce. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya da yatsa, goma sha ɗaya, ya koma ya sake bi. Ina tsaye a bayansa. Sannan ya zagaya gefen dama ya kara fuskarsa da bango. Abin da ke gefen yanzu kafaɗar tsoho mai kwaɓi ce da kunnensa ɗaya, sai can ƙarshe, daf da bango, bakin tire da burodi biyu a kai. Na san da shi, ba yadda zan cire shi ban shiga jikin tsohon ba.

Ya juyo ya yi magana, ban ji ba. Ya matso ya ɗaga murya a kunnena, ya ce, "Kawu, wa ke riƙe da tiren nan?"

Na ce, "Wa ya sani? Kowane hoto da rabon wuƙa. Wanda ya tsaya a gefe shara yake tafiya."

Ya ce, "Ina sharar?"

Na ce, "Ranar Asabar ake kwashewa. In kana so ka bi motar."

Ya dube ni, na dube shi. Allah ya taimake ni da yayan mai gida, wanda ya iso wurin yana faɗa, wai ya auna bango mita ɗaya da rabi aka ce masa, ga hoto ya gaza, ga an lanƙwasa wa tsohon mutane kunne ya zagaya kwana. Ya ce a gaban kowa, "Kai da ake cewa ba ka taɓa kuskuren awo ba?" Na ce tsufa ne, ido ya bi kunne. Aka yi ta dariya, har da mai faci. Ya sayi burodinsa ya tsallaka titi. Yanzu duk unguwa an san awo ya fara kuɓuce mini, mai maɗaba'a ma ya ce daga yau wani ya riƙa duba mini ma'auni. Na ce to.

Ban ce hankalinsa ya kwanta ba. Ku ci gaba da kula, kada Yayarka ta fito wajen sayarwa, kuma kai Auta kada ka sake ɗaga kyamara a inda take. Ni kuma daga gobe zan fara abin da ya kamata in yi tun shekara biyu da suka wuce. Zan je a rubuta ƙarar raba auren nan, da sunana a matsayin ubanta, kuma ba sai an faɗi inda take ba kafin a ba ta kariya. Zan koma kwana gidan Innarku har a gama.

'Yata, ki fito da jakar nan daga ƙarƙashin gado, ki mayar da yarinya makaranta. Kin ce ban tambaya ba. Gaskiya ne. Ina tambaya yanzu, in kin ga dama ki rubuto, in ba ki ga dama ba ba zan ce komai ba.

Gefen da na yanke, na so in saka muku shi a ambulan, na fasa, takarda tana ɓata a hanya. Na so in ƙona shi tare da ɗan gwajin, na kunna ashana har sau biyu. Duk abin da wuƙa ta ci a ɗakin nan da hannuna nake share shi in zuba a buhu, ban taɓa ɗaga ko ɗaya na duba ba. Wannan na kai wa Innarku jiya da yamma, muka rufe ƙofa. Ta shimfiɗa shi a cinya, dogon ƙyalle mai faɗin yatsa uku, ta daɗe tana kallo. Ta ce kin yi ƙiba. Sannan ta ce in miƙo mata kwanon abincin da ta ture tun rana.

Kawunku